Suna Linzami: Gwajin Ƙwayoyin Halitta Wajen Gano Dajin Ƙashi da na Tsoka



Mai yiwuwa ne wani ya yi mamakin jin zancen likitanci a dandalin da aka saba jin nahawu da adabi. Dalilin kuwa shi ne, gindin wannan magana suna ne, sanya wa abu suna kuwa aikin harshe ne tun kafin ya zama aikin likita. Bahaushe ya ce suna linzami. A fagen cutar da za a yi bayani a kanta, sunan da aka ba kumburi shi ke jan akalar duk abin da zai biyo baya, watau ko a yanke ƙafa ko a bar ta, ko a ɗura wa yaro magani mai zafi na wata da watanni ko a sallame shi ya koma gona.

Idan abu ya tsiro a jikin mutum yana girma ba tare da ya nuna ya fashe kamar maruru ba, Hausawa kan kira shi ƙari. Idan ya yi muni, yana cin nama yana yaɗo, sai a ce daji ne, ko jeji, ko sankara. Waɗannan kalmomi sun wadaci mai zancen yau da kullum, amma ba su wadaci mai magani ba, gama abin da aka tara a ƙarƙashinsu cututtuka ne barjat, kowace da halinta. Wanda ke fitowa daga ƙashi, ko guringuntsi, ko tsoka, ko kitse, ko jijiya, likitoci na kiransa sarkoma, daga kalmar Girkanci mai nufin nama. Shi kansa sarkoman ya haura iri 70, kamar yadda kundin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020 ya rarrabe su. A cikin manya ba shi da yawa, bai wuce kashi 1 cikin 100 na dukkan ciwon daji ba. Amma a cikin yara da matasa rabonsa ya fi haka nesa, kuma su ne ƙarfin gida.

Domin kada maganar ta tsaya a sama, bari a ɗauki misali daga ƙasar Gaya, a gabashin Jihar Kano. A ƙaddara ga wani saurayi ɗan shekara 15 a Toranke, cikin Ƙaramar Hukumar Ajingi. Da kaka ya fara jin ciwo a saman gwiwa, kuma da yake ya taɓa faɗowa daga amalanke, sai kowa ya ce targaɗe ne. Aka kai shi wurin maɗori, ya murza, ya ja, ya ɗaure da karare. Babu mai raina maɗori a nan, domin karaya nawa ya ɗora ta kama, a lokacin da asibiti ke da nisa kuma kuɗin mota ba ya hannu. Sai dai wannan ciwo ya saɓa wa na karaya. Hutu ba ya rage shi, da dare ma ya fi tsananta har ya hana barci, wurin ya yi tauri ya yi ɗumi, jijiyoyi suka fito raɗau a kan fata. Da aka ga bai faɗa ba, aka ce ai mugunya ce ta taru, aka nemi wanzami ya yi tsaga ko sakiya. Jini ne ya fito, ba mugunya ba, kuma bakin tsagar ya ƙi warkewa. Kafin a yi shawarar zuwa asibitin Gaya, daga can a bi ta Wudil a shiga Kano, rani ya ratsa.

Hanyar nan daga Gaya zuwa Dala tsohuwa ce ƙwarai. Tarihin baka ya nuna cewa maƙeran Gaya ne suka fara bin ta zuwa Dutsen Dala neman tama. Yau kuwa masu ciwon ƙashi ke bin ta zuwa Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe cikin 1959, ko kuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa cikin 1988.

To, likitan da saurayin nan ya iske yana da tambaya guda a gabansa, watau mene ne sunan wannan kumburi? Amsoshin da ke iya fitowa suna da yawa, kuma sun yi hannun riga da juna. Yana iya zama ruɓar ƙashi da ƙwayar cuta ke haddasawa, wadda ta yawaita ga masu amosanin jini. Yana iya zama tarin fuka ne ya sauka a ƙashi. Yana iya zama ƙari marar yaɗo, wanda kankarewa kawai yake bukata. Yana kuma iya zama ostiyosakoma, watau dajin da ke ƙera ƙashi na banza, ko sarkoman Ewing, ko limfoma. Hoton ƙashi kan rage yawan zato, amma ba ya yanke hukunci. Tilas a ɗebi ɗan nama daga cikin ƙarin, a jiƙa shi a ruwan fomalin, a daskarar da shi cikin kaki, a yanka siriri fiye da fatar albasa, a rina, sa'an nan masanin cututtuka ya duba da madubin likita. Sama da shekara 100 wannan madubi shi ne alƙali, kuma har yanzu shi ne babban alƙali. Inda yake gazawa shi ne inda cututtuka dabam-dabam suka sa riga iri ɗaya. Akwai wani rukuni da ake gani a madubi kamar an barbaza ƙananan ƙwayoyi kewayayyu masu ruwan shuɗi, kuma cikinsa akwai sarkoman Ewing, da limfoma, da dajin tsoka na yara, da wasu. Kama da wane ba ta wane, maganin kowannensu kuwa dabam ne.

A nan ne gwajin ƙwayoyin halitta ya shigo. Kafin a fahimce shi, ya kamata a tuna da littafin malamin zaure irin na da, wanda ba a ɗinke takardunsa, sai dai a jera su warƙa bisa warƙa, a haɗa da tadarishi, a sa a gafaka. Marubuci kan rubuta kalmar farko ta shafi mai zuwa a ƙasan shafin da ya gama, domin in takardu sun watse a gane jerinsu. Jikin ɗan Adam an gina shi da ƙwayoyi ƙanana da ido ba ya gani, kuma a cikin kowace ƙwaya akwai irin waɗannan littattafai guda 46, bibbiyu bibbiyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Su ake kira kuromosom. An tabbatar da wannan adadi cikin 1956, shekara uku bayan Watson da Crick sun bayyana siffar DNA, watau zaren da aka yi rubutun a kansa. Haruffan rubutun huɗu ne kacal, amma jerinsu ya kai wajen biliyan 3, kuma ya ƙunshi babi kimanin 20,000, kowane babi umurni ne ga ƙwaya a kan wani abu da za ta ƙera. Duk sa'ad da ƙwaya za ta rabu biyu sai ta kwafe littattafan nan kaf. Wata rana, a cikin ƙwaya guda tak, littafi biyu kan yage, a wajen harhaɗawa kuma sai rabin babin wannan ya manne da rabin babin wancan. Abin da ya fito sabon umurni ne wanda babu shi a asali, kuma sau da yawa ma'anarsa ita ce, yi ta haihuwa kada ki tsaya.

An fara ganin alamar haka a dajin jini. Cikin 1960 Nowell da Hungerford suka lura da wani guntun kuromosom a birnin Filadelfiya ta Amurka, cikin 1973 kuma Janet Rowley ta nuna cewa musayar yanki ce tsakanin na 9 da na 22. Limfoman nan mai kumbura muƙamuƙin yara, wanda Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda cikin 1958, kuma wanda asibitocin Nijeriya suka san shi sarai, shi ma an gano galibi musaya ce tsakanin na 8 da na 14. A fannin ƙashi kuwa, James Ewing ya siffanta cutar da ke ɗauke da sunansa a Niyok cikin 1921, da madubi kawai. Sai cikin 1983 masu bincike a Faransa suka ga musaya tsakanin kuromosom na 11 da na 22 a cikinta, cikin 1992 kuma Olivier Delattre da abokan aikinsa a Cibiyar Curie ta Faris suka karanta ainihin babi biyun da suka haɗu, watau EWSR1 da FLI1. Kimanin kashi 85 cikin 100 na masu wannan cuta wannan haɗin ne gare su, mafi yawan sauran kuwa EWSR1 ne da wani babi mai suna ERG. Daga nan ƙofa ta buɗe. Aka sami irin wannan hatimi ga sarkoman da kan fito kusa da gaɓoɓin matasa, tsakanin kuromosom X da na 18, aka sami na wani nau'in dajin tsoka na yara tsakanin na 2 da na 13.

Hanyoyin karanta hatimin sun bambanta wajen tsada da wajen abin da suke iya gani. Ta farko ita ce a raya ƙwayoyin ƙarin a kwalba, a baje kuromosom ɗin a ƙirga su da ido. Wannan tana bukatar ɗanyen nama kuma tana da jinkiri, saboda haka an rage amfani da ita. Ta biyu ana kiranta FISH a taƙaice, kuma ita ce ta fi sauƙin siffantawa. Ana ɗiga rini mai ƙyalli kala biyu a kan yankan naman, ja ya manne a gefe ɗaya na babin da ake zargi, kore ya manne a ɗaya gefen. In babin lafiya yake, ɗigon ja da na kore suna manne da juna har su ba da ruwan ɗorawa. In ya yage, sai a ga ja a gabas kore a yamma. Ta uku ita ce PCR, wadda Kary Mullis ya ƙago cikin 1983, watau a sa na'ura ta yi ta kwafar wani ɗan layi guda har ya yi yawan da za a gan shi, in yana nan. Wannan ba baƙuwa ba ce a Kano. Na'urar GeneXpert da ake gwada majinar masu tarin fuka da ita, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita cikin 2010, da wannan dabara take aiki, haka kuma gwajin korona da aka yi a Asibitin Malam Aminu Kano da Jami'ar Bayero cikin 2020. Aibin PCR shi ne, abin da aka aike ta nema kaɗai take gani. Ta huɗu, wadda ta fi sauran zurfi da tsada, ita ce na'urar da ke karanta babi ɗari ko fiye a zama ɗaya, har ta tsinto haɗin da ba a yi zatonsa ba.

Akwai kuma wata hanya ta tsaka-tsaki wadda ta cancanci kulawar ƙasa mai ƙarancin kuɗi. Gurɓataccen babi kan ƙera gurɓataccen sinadari, kuma ana iya rina wannan sinadari a gan shi da madubi na yau da kullum. Alal misali, cikin 2013 aka gano cewa wani ƙarin ƙashi mai manyan ƙwayoyi, wanda kan fito a gwiwar masu shekara 20 zuwa 40, fiye da kashi 90 cikin 100 nasa harafi guda ne ya sauya a babin H3F3A. Yanzu akwai rini na musamman mai nuna wannan sauyi, ba sai an kai ga babbar na'ura ba.

Shin wahalar nan tana biyan bukata? A Faransa an yi wani nazari da aka buga cikin 2016, inda ƙwararrun masana sarkoma suka fara ba cuta suna da madubi, sa'an nan aka yi gwajin ƙwayoyin halitta. Cikin majinyata 384, sai da aka sauya sunan cutar 53, watau wajen kashi 14 cikin 100. Wannan fa a hannun gwanaye ke nan. Sauyin kuwa ta fuska biyu yake zuwa. Akwai wani kumburi mai saurin girma a hannun matasa wanda a madubi yake da ban tsoro ƙwarai, alhali kuwa ba daji ba ne, har yakan baje da kansa. Yagewar babin USP6 ita ke wanke shi daga zargi. Akwai kuma kitsen da ke taruwa can cikin cinya, mai kama da ƙarin kitse na banza, amma in aka ga babin MDM2 ya ninku da yawa sai a san daji ne mai dawowa. Wani dajin fata kan fara kamar tabon nan mai tudu da ke fitowa bayan tsaga ko hujin kunne, har a yi shekaru ana ɗaukarsa tabo ne, kuma alƙaluman Amurka sun nuna ya fi kama baƙar fata. Hatiminsa musaya ce tsakanin kuromosom na 17 da na 22, kuma in ya gagari wuƙa akwai ƙwayar magani ta haɗiya, imatinib, da ke toshe sinadarin da ke tunzura shi. Wannan magani dai shi ne ya sauya labarin wani sarkoma na ciki da hanji, bayan masu bincike a Japan sun gano sauyin babin KIT a cikinsa cikin 1998.

Amma kada zaƙin sabon ilmi ya rufe ido. Dajin ƙashin da ya fi kama matasa, kuma wanda ya fi dacewa da siffar ciwon saurayin nan na Toranke, shi ne ostiyosakoma, shi kuwa ba shi da hatimi guda. Littattafansa a hargitse suke gaba ɗaya, kamar gafakar da guguwa ta bi ta kanta, kuma hargitsin wannan majinyaci ba ya kama da na wancan. Saboda haka har a manyan asibitocin Turai hoton ƙashi da madubi su ke tabbatar da shi. Sarkoman Ewing kuma, wanda aka fi buga misali da shi a littattafai, ya yi ƙaranci ainun a tsakanin mutanen Afirka, ya gaza na Turawa wajen ninki goma. Wannan ya sa duk masanin da ya ga ƙananan ƙwayoyin nan masu shuɗi a naman yaro Bahaushe, wajibi ne ya yi taka-tsantsan kafin ya ambaci Ewing. Har wa yau, yagewar EWSR1 ba ta Ewing kaɗai ba ce, tana aukuwa a wasu ƙarurruka masu yawa, don haka ja da kore su rabu bai isa hujja ba sai an haɗa da abin da madubi da hoto suka nuna. Wanda ya ce na'ura za ta maye gurbin masanin cututtuka bai san aikin ba.

Abin da ya fi yi wa saurayin nan illa shi ne watannin da suka shige. Kafin shekarun 1970, lokacin da yanke ƙafa kaɗai ake yi, waɗanda ke tsira daga ostiyosakoma ba su kai kashi 20 cikin 100 ba, domin cutar kan riga ta aika 'ya'yanta huhu. Da aka haɗa tiyata da maganin ɗurawa, adadin ya kai kashi 60 zuwa 70 ga wanda cutarsa ba ta bazu ba, kuma galibi ba a rasa ƙafar. Murza da ja na iya karya ƙashin da daji ya riga ya ci, tsaga kuma tana buɗe wa ƙwayoyin cutar hanya zuwa fata da tsokar da ke lafiya. Ko a asibiti ma, ka'ida ita ce likitan da zai yi babbar tiyata shi zai zaɓi inda allurar ɗibar nama za ta bi, gama duk hanyar da ta bi sai an yanke ta an fitar daga baya. Alamun da za a koya wa maɗori da wanzami da ma'aikacin ɗakin shan magani ba su da wuya. Ciwon ƙashi da ke tayar da yaro daga barci, da karayar da ta auku ba tare da faɗuwa mai ƙarfi ba, da kumburin da ya kai girman ƙwan kaza, ko yake can ƙarƙashin tsoka, ko yake ƙaruwa, ko ya dawo bayan an cire, duk na asibiti ne tun ranar da aka gan su. Maɗorin da ya ce wannan ba nawa ba ne, a wuce da shi Dala, ya yi aikin da babu na'urar da za ta yi.

Daga nan sai kula da naman kansa, wanda shi ne abin da aka fi sakaci da shi. Rubutun da ake son karantawa yana fara goguwa tun daga sa'ad da aka raba nama da jiki. Ana so ya shiga fomalin mai kyau kafin sa'a guda, ruwan ya ninka girmansa sau goma, kuma kada ya wuce kwana biyu ko uku a ciki. Naman da ya yi mako uku a kwalba ana jiran dangi su sayar da akuya su haɗa kuɗin gwaji, ko da madubi ya iya ganin wani abu a cikinsa, na'ura ba lalle ta sami abin karantawa ba. Ƙashi kuma yana da tasa matsalar, domin ba ya yankuwa sai an narkar da taurinsa, ruwan asid mai ƙarfi da ke gaggauta wannan aiki kuwa yana ƙone rubutun ƙurmus. Akwai wani ruwa mai laushi, EDTA, wanda ba ya ɓarna amma yana da jinkiri. In ba shi, sai a ware ɗan yanki mai taushi tun farko a ajiye shi dabam. Mafi muni duka shi ne a cire ƙari a jefar, a ce ai kitse ne. In an kiyaye waɗannan, ɗan dunƙulen kakin nan da bai fi akwatin ashana ba yana iya shekaru bai lalace ba, kuma yana iya tafiya cikin ambulan zuwa duk inda na'ura take, a cikin ƙasa ko a waje, majinyaci na kwance a gadonsa a Kano.

Saura magana guda, wadda ta koma ga masu harshe. Masu fassara a rediyo da jaridu sukan ce gwajin ƙwayoyin gado, kuma a wasu wurare daidai ne. Gwajin jinin da ake yi kafin aure, wanda Jihar Kano ta mayar doka cikin 2024, yana duba abin da iyaye ke ba 'ya'yansu ne, kamar amosanin jini. Jama'a sun riga sun fahimci haka, kuma a nan haɗarin yake. In likita ya gaya wa uban saurayin Toranke cewa an sami matsala a ƙwayoyin gadon ɗansa, abin da dattijon zai ji shi ne cutar a jinin gidansa take. Kafin ya isa gida maganar ta riga shi, a fara tunanin wane ne ya kawo ta, dangin uwa ko na uba, mai neman auren ƙanwar yaron kuma ya fara ja da baya. Alhali kuwa haɗin EWSR1 da FLI1, da sauran hatiman da aka ambata, a cikin ƙarin kaɗai suke. Ba a gado su ba, ba kuma za a gadar da su ba. In aka gwada sauran jikin yaron ba za a same su ba. Akwai 'yan gidaje ƙalilan da daji ke bin zuriyarsu, kamar waɗanda Li da Fraumeni suka bayyana cikin 1969, ko waɗanda ke gadon dajin ido na jarirai, kuma su gwajin jini dabam ake yi musu bayan an zauna da su an yi bayani. Saboda haka ya fi kyau a bar kalmar gado ga wannan rukuni kaɗai, ɗayan kuwa a kira shi gwajin tantance ƙari. Likitan da zai miƙa wa dattijon takardar sakamako sai ya ce masa, “Baba, an duba naman da aka ɗiba an gane ko wane irin ciwo ne, da maganin da ya dace da shi. A ƙafar ya tsiro, ba daga wurinka ko wurin mahaifiyarsa ya samo shi ba, kuma babu abin da ya shafi 'yan'uwansa.”